Inda Ji Ya Kori Gani

Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Amma a harkar fim, musamman a garuruwan yammacin Kano irin su Ƙaraye da Rogo, sau da yawa maganar juyawa take yi. Matar da ke tankaɗe ko wanke-wanke ba ta da idon da za ta ba waya, sai ta jingina ta a bakin taga, fim na tafiya, ita kuma tana biye da shi da kunne. Haka mai ban ruwa a fadamun da ke kusa da madatsar Challawa, haka mai saran rake a gonakin Rogo, haka tela da kansa ke sunkuye a kan keke. Fim ɗin ya iso su ne ta hannun mai turi, wanda ya zuba shi a memori kan 'yan kuɗi kaɗan. Allon wayar bai wuce tafin hannu ba, rana na kashe haskensa, caji kuma ba shi da tabbas. Abin da ke isa ga mutum cikakke, bai zubar da komai a hanya ba, shi ne murya.

Idan haka ne, to akwai wani lissafi da masana'antar nishaɗinmu ta daɗe tana yin sa a karkace. Fuska take saya da tsada, ita take liƙawa a fosta, ita take kira a ba kambu a dandali. Muryar da ke ɗauke da fim ɗin zuwa lungunan da fosta ba ta taɓa zuwa ba, musamman in muryar mace ce, kuma musamman in aikinta ban dariya ne, ita ce ake sallama da kuɗin mota, wani lokaci ko sunan mai ita ba a ambata. Ra'ayina shi ne wannan ba ƙaramin sakaci ba ne da za a bari sai an samu sukuni a gyara, domin abin da ke tafe zai iya sa gyaran ya gagara.

Bari mu fara da wadda kowa ya sani. Saratu Giɗaɗo, wadda duniya ta fi sani da Daso, ta shigo fim a shekarar 2000 da Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya, ta kuma rasu a Kano ranar 9 ga Afrilu, 2024, jajiberin ƙaramar Sallah, tana da shekara 56. Allah ya jiƙanta. A tsakanin waɗannan shekaru 24 ta fito a matsayin muguwar kishiya, uwar miji mai sa ido, dillaliya mai haɗa husuma, hajiyar da ba a taka ta a kwana lafiya. Da labarin rasuwarta ya bazu, an yi ta yaba mata kan barkwanci da faran-faran da jama'a, kuma yabon ya dace. Abin da ban ji an tsaya a kansa sosai ba shi ne kayan aikinta. Daso 'yar wasan murya ce kafin komai. Ta san inda za ta ja wasali har ya zama zagi ba tare da ta furta kalmar zagi ba. Ta san ɗan shirun nan da ake yi kafin a sauke wa mutum magana, ta san yadda ake tsoma Turanci a tsakiyar masifa don a nuna wa abokiyar faɗa cewa ba ajinsu ɗaya ba, ta kuma san yadda murya ke sauka nan take ta koma zuma idan maigida ya yi sallama. Rufe allon wayar, ka bar sautin kawai, ba za ka rasa ko kashi ɗaya cikin huɗu na wasanta ba. Jarumai nawa ne cikin waɗanda aka fi biya tsada za su tsallake wannan jarrabawa?

Wannan fasaha ba Kannywood ce ta ƙirƙiro ta ba. Tun kafin Turmin Danya ya fito a 1990, tun kafin rediyo ma, 'yar wasan murya ta farko a ƙasar Hausa kaka ce. Ita kaɗai, a cikin duhu, ba fitila ba kayan ado, take zama Gizo da tsamin bakinsa, ta zama Ƙoƙi mai haƙuri, ta zama kura mai kauri da wauta, ta zama Dodo har jikoki su ƙanƙame juna. Wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya ya san cewa labarin ba shi ne abin ba, domin kowa ya san ƙarshensa. Muryar ce ake taruwa dominta. Haka masu amada da kiɗan ƙwarya a gidajen biki, inda mata ke yi wa junansu da mazajensu shaguɓe ba tare da namiji ya ji ba. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da wani yanki na wannan duniya fili, har maza suka ji irin dariyar da ake yi a bayansu. Ke nan barkwancin mata tsohon abu ne a wurinmu, kuma mai zurfi. Sabon abu shi ne mayar da shi sana'ar da wani ke tara kuɗi da ita, kuma a nan ne rabon ya lalace.

Duba yadda muke tuna 'yan wasan ban dariya. Samanja, kowa ya san Usman Baba Pategi ne. Ƙasimu Yero da sunansa aka san shi. Ibro, ko yaro ya san Rabilu Musa ne ɗan Ɗanlasan, kuma da ya rasu a Disambar 2014 an yi ta rubuta tarihinsa. To, mutum nawa ne cikin masu karanta wannan za su iya faɗin sunan yanka na Tsigai, wadda ita ce ke miƙa wa Ibro rabin maganganun da yake dokawa a yi dariya? Ban dariya na mutum biyu kamar daka ne, taɓarya ɗaya na sauka ɗaya na tashi, in ɗaya ta kuskure lokaci sai a fasa hannu. Amma mun saba ɗaukar macen da ke wannan aiki kamar turmin ce, ba mai dakan ba.

Duk da haka, Tsigai da Daso suna da abin da ya fi na wasu, domin suna da laƙabi da fuska, kuma laƙabin ya bi su duk inda suka je. Akwai matan da ko wannan ba su da shi. Shekara goma sha da suka wuce, fina-finan Indiya da aka ɗora wa muryar Hausa suka mamaye kasuwa, har furodusoshin Kannywood suka yi ta kukan an ƙwace musu masu kallo. Sunan Algaita ya zama kamar sunan sana'ar gaba ɗaya, wasu ɗakunan naɗar murya da dama suka biyo baya, tashoshi irin su Arewa24 su ma suka riƙa nuna shirye-shiryen ƙetare da harshen Hausa. Duk wanda ya saurari Indiya-Hausa ya san ba fassara ce tsagwaronta ba. Sake ginin fim ne: a cire barkwancin da Bahaushe ba zai gane ba, a dasa na Kano a gurbinsa, a ƙirƙiro salon magana da gobe za ka ji shi a bakin 'yan acaɓa da 'yan makaranta.

Yi tunanin abin da ake nema daga matar da ke tsaye gaban makirufo a irin wannan ɗaki. Jarumar da ke allo ta buɗe baki na daƙiƙa uku, dole jimlar Hausar ta shiga cikin daƙiƙa ukun, alhali Hausa da Hindi ba tsawon numfashinsu ɗaya ba. Dole ta yi kuka ba tare da an mare ta ba, ta yi dariya ba tare da an ba ta dariya ba, ta maimaita sau biyar in sautin bai fita ba. Yakan faru mace ɗaya ta zama budurwar, ta zama uwarta, ta kuma ƙanƙance murya ta zama ƙaramin yaro, duk a fim guda. Wannan shi ne aikin kaka a daren tatsuniya, sai dai an ƙara masa agogo. Amma ba kasafai mai sauraro ke sanin ko wace ce ba. A Ƙaraye za a iya samun yarinyar da ta haddace muryar, tana kwaikwayonta a makaranta, ta san sunan jarumar Indiyar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma ba ta san sunan 'yar'uwarta Bahaushiya da ta ba ta dariyar ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai haka sana'ar take a ko'ina, mai murya a bayan labule yake. Tarihin sana'ar a Amurka ya nuna cewa labulen ba daga sama ya sauko ba, mutane ne suka rataya shi, kuma mutane ne suka yaye shi. June Foray, wadda aka haifa a 1917, ta fara wasan rediyo tana 'yar shekara 12, ta kuma shafe fiye da shekara 80 tana sana'ar murya. Ita ce muryar tsohuwar nan mai kyanwa da ɗan tsuntsu a katun ɗin kamfanin Warner tun daga tsakiyar shekarun 1950, ita ce mayya, ita ce Rocky, ɗan kuregen nan namiji mai tashi sama. Amma shekara da shekaru sunanta ba ya fitowa a katun ɗin Warner, saboda Mel Blanc, babban mai muryar kamfanin, ya samu yarjejeniyar da ta sa sunansa kaɗai ake rubutawa. Masu kallo da yawa sun ɗauka shi ke yin kowace murya, har da na matan.

Abin da ya sa na kawo ta ba tausayi ba ne, yadda ta ɓullo wa lamarin ne. Ba ta tsaya jiran a tuna da ita ba. Ta shiga ƙungiyar masu sana'ar katun, ta zama ginshiƙinta, a 1972 ta assasa kyautar Annie domin a riƙa karrama masu wannan aiki da sunayensu, ta kuma yi shekaru tana matsa wa masu kyautar Oscar lamba har suka ware rukuni na musamman ga dogon fim ɗin katun a farkon wannan ƙarni. Ita kanta sai da ta kai shekara 94, a 2012, ta karɓi kyautar Emmy ta gasa, ta rasu a 2017 saura 'yan makonni ta cika 100. Waɗanda suka biyo bayanta su suka ci moriyar. Nancy Cartwright, macen da ke muryar yaron nan Bart a shirin The Simpsons tun 1987, tana cikin 'yan wasan da suka haɗa kai a 1998 suka ƙi karɓar dala 30,000 a kowane kashi. Kamfanin ya yi barazanar sauya su da sababbin muryoyi, daga baya ya sauko ya biya dala 125,000, zuwa 2008 kuɗin ya kai 400,000. Ba ina cewa a Kano za a ga irin wannan kuɗi ba, kasuwar ba ɗaya ba ce. Abin lura shi ne dalilin da ya sa barazanar ba ta yi aiki ba: jama'a sun san sunayensu, da an sauya su da an sani, kuma sun tsaya tare. Wanda ba a san sunansa ba, ranar da aka sauya shi ba mai tambaya.

Misalin da ya fi kusa da zuciyar Bahaushe ma yana Indiya. A 1949, da fim ɗin Mahal ya fito, faifan waƙarsa da ta fi shahara bai ɗauki sunan mawaƙiyar ba, sunan jarumar cikin labarin aka rubuta. Masu sauraro ne suka dami gidan rediyon ƙasar da tambayar ko wace ce mai wannan murya, har aka sanar cewa Lata Mangeshkar ce. Daga baya ita ce ta tsaya kai da fata sai an riƙa ba mawaƙan bayan fage kasonsu na cinikin faifai, har ta yi shekaru ba ta waƙa da Mohammed Rafi saboda saɓanin da suka samu a kan wannan batu. Mun kwashi abubuwa da yawa daga fim ɗin Indiya, rawa da waƙa da soyayyar mutum uku, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan haka. Wannan darasin ne ba mu ɗauko duka ba. Na ce duka, domin mawaƙan bayan fage namu sun ɗan tsira: Fati Nijar da Maryam A. Baba sun yi suna da muryarsu, ana gayyatarsu biki, suna fitar da waƙoƙinsu. Sun tsira ne saboda waƙa na iya rabuwa da fim ta yi tafiyarta da sunan mai ita. Maganar da aka ɗora a bakin wata ba ta da wannan gata.

Sai batun kuɗi, wanda ba mu cika son tattauna shi a fili ba. A watan Fabrairun 2022, Ladin Cima, dattijuwar da aka fi sani da Tambaya, wadda ta ba mutane dariya tun zamanin wasannin talabijin, ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa naira dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta a fim. Wasu manyan masana'antar suka fito suka musa, suka ce sun biya ta dubbai masu yawa fiye da haka a ayyukansu. Aka yi makonni ana cacar baki, aka tara mata gudummawa, ƙura ta lafa. Ba ni da niyyar yanke hukunci a kan wanda ya fi gaskiya, mai yiwuwa ma kowa gaskiyar abin da ya sani ya faɗa. Abin da ya tsaya mini shi ne muhawarar gaba ɗayanta a kan na ce, ta ce aka yi ta. Sana'ar da ake biyan mutum da abin da ya sawwaƙa, a miƙa masa a dunƙule a ce a sha ruwa, sana'a ce da ba ta bambance lada da kyauta ba, kuma mai karɓar kyauta ba ya ƙirgawa a gaban mai bayarwa. In wannan ne halin wadda duk Arewa ta san fuskarta, sai a auna na wadda ba a san ko sunanta ba.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma ba daidai ba ne a tsallake ta. Ga mata da yawa, ɓoyuwar ita ce ta buɗe musu ƙofar. A al'adar Kannywood, jaruma ta yi aure yawanci ta bar fitowa. Ɗakin naɗar murya kuwa yana ba matar aure, ko 'yar gidan da ba za a lamunci ganin fuskarta a fosta ba, damar ta yi aikinta ta koma gida ba wanda ya nuna ta da yatsa. Tilasta mata bayyana sunanta zai iya zama raba ta da abincinta. Mu kuma mutane ne da sakaya suna ke cikin ladabinmu, mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Na yarda da duk wannan. Sai dai abin da ake bukata ba sunan yanka ba ne, sunan sana'a ne. Daso laƙabi ne, Tambaya laƙabi ne, marubuta mata da yawa a intanet da laƙabi suke fitar da littattafansu kuma masu karatu na bin su. Sharaɗin kawai shi ne laƙabin ya zama nata, ita ta zaɓe shi, in ta bar wannan ɗaki ta koma wancan ya bi ta, yadda mai sauraro a Rogo zai iya ce wa mai turi ya zuba masa wanda wance ta yi. Ranar da aka fara neman fim da sunanta, ranar ta samu bakin ciniki.

Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Ba kowane fim ɗin ƙetare da ake ɗora wa murya ne aka nemi izinin masu shi ba, kuma wanda ke gini a filin da ba nasa ba ba ya son yawan rubuce-rubuce. Wannan matsala ce ta gaske, amma ba mai muryar ce ta jawo ta ba, bai kuma kamata a ce ita za ta biya kuɗinta da sunanta ba. Tashoshin da ke sayen izini bisa ƙa'ida ba su da wannan uzuri ko kaɗan.

Abin da ya sa nake ganin lokaci ya ƙure shi ne ƙirƙirarriyar basira. Yau na'ura na iya sauraron muryar mutum na ɗan lokaci ta riƙa magana da ita, ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Wannan na cikin manyan dalilan da suka sa 'yan wasan Amurka suka yi yajin aiki na kwana 118 a 2023, suka kuma koma aiki bayan an rubuta cewa ba za a kwafi siffa ko muryar ɗan wasa ba sai da yardarsa da biyansa. Su suna da ƙungiya, suna da takarda, suna da suna. Matar da ta shafe shekara goma tana naɗar murya a wani ɗaki a Kano ta bar ɗaruruwan sa'o'i na tsabtataccen sautinta a kwamfutar wani, ba tare da wata takarda da ta ce ga iyakar abin da za a yi da shi ba. Na'urorin ba su gama ƙwarewa a Hausa ba tukuna, har yanzu karin sauti da tsawon wasali na ba su wahala, ba su kuma san ɗan shirun nan na Daso ba. Amma wanda ke neman arha ba ya jiran ƙwarewa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta tanadi haƙƙin mai wasa a kan abin da aka naɗa na wasansa, sai dai yaya za ka kai ƙara kan muryar da ba inda aka rubuta cewa taka ce?

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ke aiki tun 2001, tana da ikon ba da lasisi da hana shi, kuma ta sha nuna cewa ba ta jin nauyin amfani da ikon a kan sutura da rawa. Ƙungiyar MOPPAN ma tana da rassa na sana'o'i daban-daban. Tsakanin su biyun, ba abu ne mai wuya ba a sa sharaɗin cewa duk aikin da aka kawo tacewa ya zo da jerin masu murya da takarda mai shafi ɗaya da kowace ta sa wa hannu, mai faɗin nawa aka biya, na wane aiki ne, da kuma cewa ba za a ciyar da na'ura da muryar ba sai an sake zama. Kuma tunda masu sauraron nan da kunne suke kallo, rubuta sunan a ƙarshen fim, da ƙananan haruffan da mai turi kan yanke don rage nauyi, bai wadatar ba. A faɗe shi da baki a farkon fim, yadda gidajen rediyo suka saba yi a wasan kwaikwayo, wance ce ta fito a matsayin wance. Ɗakunan naɗar murya sun riga sun saba katse fim a tsakiya su ambaci sunan kamfaninsu, wani lokaci har da tallar mai maganin gargajiya da lambar wayarsa. Sunayen mata uku ko huɗu ba za su ci daƙiƙa goma ba.